RUWAN JIKI DA ZANEN BUGUN ZUCIYA A WURIN MASU WANKIN ƘODA



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a Asibitin Nasarawa, watau na Muhammad Abdullahi Wase, ya ga ana ɗora majiyyaci a kan sikeli kafin a fara, a kuma sake ɗora shi bayan an gama. Wataƙila kuma ya ga an liƙa masa waɗansu wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, wata 'yar na'ura ta fitar da takarda mai layi-layi da zane a kanta mai hawa da sauka. Wannan takarda ita ce ma'aikatan asibiti suke kira ECG, mu kuwa za mu kira ta zanen bugun zuciya.

Galibin mutane sun ɗauka sikeli yana maganar ruwa ne, takarda kuwa tana maganar zuciya, kowanne da gabansa. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, a wurin mai wankin ƙoda waɗannan biyu a ɗaure suke da juna. Zanen da aka ɗauka da ƙarfe takwas na safe, majiyyaci yana kumbure, yakan bambanta da wanda aka ɗauka da azahar bayan an janye masa lita uku na ruwa, alhali kuwa zuciyar ɗaya ce. Wanda ya karanta takardar bai tambayi sikeli da agogo ba, zai iya tsorata inda babu abin tsoro, ko kuma ya saki jiki inda akwai hatsari.

Ƙoda da lissafin ruwa

Bari mu fara da lissafi. Namiji baligi mai nauyin kilo 70, kusan kashi 60 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, watau wajen lita 42. Kusan lita 28 suna cikin ƙwayoyin nama, lita 14 suna wajensu. Daga cikin waɗannan 14, abin da yake gudana a jijiyoyin jini bai wuce lita 3 ba, saura yana kwance a tsakanin nama. Ina roƙonku ku riƙe wannan lita 3, domin za mu koma kanta.

Ƙoda ita ce ma'ajin da yake tsare wannan lissafi. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kowace rana su biyun suna tace ruwa wajen lita 180, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari, tare da dattin jiki da rarar gishiri. Idan hawan jini, ko ciwon sukari, ko kumburin matatan, ko yawan shan maganin ciwon jiki barkatai ya kashe ƙoda, sai fitsari ya ragu ko ya ɗauke. Daga nan duk abin da aka sha, shayi ne ko koko ko ruwan randa, yana nan a jiki. Ƙafafu su kumbura, fuska ta tasa, huhu ya cika, numfashi ya gagara.

Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ne ya ƙera na'urar wankin jini ta farko mai amfani a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1945 aka sami majiyyaciya ta farko da ta rayu ta dalilinta. A Nijeriya an fara wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. Asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya kai har ga dashen ƙoda a 2002. Na'urar tana yin aiki biyu a lokaci ɗaya: tana tsame datti da rarar gishiri daga jini, tana kuma matse ruwa. Abin da lafiyayyar ƙoda take yi a hankali dare da rana, na'ura tana yinsa cikin awa huɗu. A wannan gaggawa maganarmu take.

Yadda ake karanta zanen

Zuciya tsoka ce, kuma kafin kowane bugu sai wata 'yar wutar lantarki ta ratsa ta daga sama zuwa ƙasa. Wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, amma tana bi ta jini da huhu da nama da kitse har ta iso fata, inda za a iya auna ta. Wani masani, shi ma ɗan Holan, Willem Einthoven na Jami'ar Leiden, ya ƙera na'urar da ta iya rubuta wannan wuta sosai a farkon ƙarni na ashirin, aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Shi ne kuma ya raɗa wa sassan zanen sunayen haruffan da ake amfani da su har yau.

Ana liƙa wayoyi goma, na'ura ta dubi zuciya ta fuskoki goma sha biyu. Takarda tana tafiya milimita 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka faɗin zane lokaci yake nunawa, tsayinsa kuwa ƙarfin wuta. A kowane bugu za a ga ɗan ƙaramin tudu da ake kira P, shi ne tashin ɗakunan sama na zuciya. Sa'an nan wani dogon tsini mai suna QRS, wanda yake tsaye a kan takarda kamar yadda Dutsen Dala yake tsaye a tsakiyar gidaje, shi ne tashin ɗakunan ƙasa masu tura jini. Bayansa akwai ɗan fili shimfiɗaɗɗe mai suna ST, daga nan sai tudu mai faɗi da ake kira T, lokacin da tsoka take komawa shiri domin bugu na gaba.

Likitoci suna da ƙa'idojin awo. Alal misali, a 1949 Sokolow da Lyon suka kawo wata ƙa'ida: idan aka haɗa zurfin zane a wata fuska ta ƙirji da tsayinsa a wata, jimla ta kai milimita 35, to ana zaton bangon zuciya na hagu ya yi kauri, kamar yadda yakan faru ga mai daɗaɗɗen hawan jini. Idan kuwa tsinin bai kai milimita 5 ba a dukan fuskokin hannu da ƙafa, ana cewa wuta ta yi ƙasa. To, amma fa waɗannan ƙa'idoji ba su yi la'akari da mutumin da nauyinsa yake sauyawa da kilo uku ko huɗu tsakanin hantsi da azahar ba.

Dalilin da tsini yake ƙara tsawo bayan wanki

An daɗe da lura cewa idan aka ɗauki zane kafin wanki, aka sake ɗauka bayansa, galibi tsinin QRS yakan ƙara tsawo. Mene ne dalili? Zuciya dai ba ta yin kauri cikin awa huɗu.

Amsar farko da za ta zo wa ɗalibi ita ce ya duba cikin zuciyar kanta. A 1956 wani masani a Amurka, Daniel Brody, ya nuna ta hanyar lissafi cewa jinin da yake cikin ɗakunan zuciya yana taɓa ƙarfin wutar da take fita, domin jini ya fi tsoka saurin ɗaukar lantarki. A bisa wannan ra'ayi, ɗakin da ya cika da jini ya kamata ya ba da dogon tsini, wanda jini ya ragu a cikinsa ya ba da gajere. To, ga shi wanki yana rage jinin da yake komawa zuciya, ɗakunanta su ɗan tsuke, amma tsini sai ya hau maimakon ya sauka. Ashe ke nan akwai wani abu a wajen zuciya wanda ya rinjayi abin da yake cikinta.

Wannan abu shi ne ruwan da yake kwance tsakanin zuciya da fata. Kowa ya san ba a taɓa wayar lantarki da jiƙaƙƙen hannu, domin ruwa, balle mai gishiri, hanya ce ga wuta. Ruwan kumburi kuwa ruwan gishiri ne. Ku ɗauki misalin magudanar da take kai ruwa daga madatsar Tiga zuwa gonakin Kadawa. Idan gefenta ya huhhuje, ruwa zai riƙa zurarewa a hanya, abin da zai isa gona kaɗan ne, ko da yake madatsa ba ta rage abin da take saki ba. Haka wutar zuciya take a jikin da ya kumbura: tana samun gajerun hanyoyi ta cikin jiƙaƙƙen nama da huhu, ta watse, abin da wayoyi suke ji a fata ya ragu. Da na'ura ta janye ruwan, sai nama ya ƙara tauri ga wuta, yoyo ya ragu, tsini ya miƙe.

Wani likitan zuciya a birnin New York, John Madias, ya yi bayanin wannan dalla-dalla. A 2001 ya nuna yadda tsinin yake dusashewa a jikin majiyyatan da suka kumbura ƙwarai, ya kuma dawo idan kumburi ya saɓe. A 2003 ya bi mai wankin ƙoda ɗaya har zama 26, yana ɗaukar zane kafin wanki da bayansa, yana kuma auna yadda jiki yake tare wuta, ya ga tsini yana ƙaruwa bayan an janye ruwa.

Wannan yana da amfani ta fuska uku. Na farko, zanen da aka ɗauka majiyyaci yana kumbure zai iya ɓoye kaurin bangon zuciya: mutumin da jimlarsa ta tsaya a milimita 30 da safe zai iya haye 35 da azahar. Na biyu, ƙarin tsawon da aka gani bayan wanki, shi kaɗai, ba shaidar sabon ciwo ba ne. Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci, idan an janye ruwa, ƙafafu sun saɓe, amma tsini ya ƙi tashi, to a nemi wani dalili. Dattin da yake taruwa a jinin mai ciwon ƙoda yakan kumbura jakar da ta lulluɓe zuciya, ruwa ya taru a ciki, ya danne ta. Wannan ruwa ba ya bin na'ura da sauri kamar na ƙafa, kuma sikanin zuciya ne yake nuna shi.

Guga da rijiya

Yanzu mu koma kan lita 3 da na ce ku riƙe. Na'ura ba ta iya zuƙar ruwa daga kumburarriyar ƙafa kai tsaye. Daga jini take ɗiba, sa'an nan ruwan nama ya riƙa tsatsowa cikin jijiyoyi yana cike gurbi. Mutanen cikin birni da suka tashi a gida mai rijiya sun san wannan sarai: in aka yi ta zura guga fiye da yadda ido yake ɓuɓɓugowa, sai a kai ga laka, ko da yake ƙasa cike take da ruwa. Haka majiyyaci zai iya kasancewa ƙafarsa a kumbure, jijiyoyinsa kuwa sun kusa ƙafewa. Sai jininsa ya faɗi, jiri ya kama shi, tsoka ta ɗaure, ya yi amai.

Ita kanta zuciya da jini take rayuwa. Idan wanda yake isa gare ta ya ragu, filin nan na ST yakan faɗa ƙasa da layinsa, kuma wannan yana iya faruwa ba tare da majiyyaci ya ji ciwon ƙirji ba, musamman mai ciwon sukari. Wani bincike da aka yi a Derby ta ƙasar Ingila, aka buga a 2009, ya duba zukatan majiyyata 70 da sikanin suna kan na'ura, ya sami kusan biyu cikin uku wani sashe na bangon zuciyarsu yana sanyi da aiki a lokacin wanki, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda aka janye wa ruwa mai yawa. Wani binciken kuma a Amurka, a 2011, ya nuna mutuwa ta fi yawa ga waɗanda ake janye wa sama da mililita 13 a kowane kilo na nauyinsu a kowace awa.

Mu mayar da wannan lissafin kasuwa. Mutum mai kilo 60, iyakarsa mililita 780 a awa, watau lita 3 da 'yan kai cikin awa huɗu. Idan ya zo da rarar lita 7, aka ce sai an kwashe duka a zama ɗaya, an ninka iyakar fiye da sau biyu. Saboda haka idan ma'aikaciyar jinya ta ƙi cire ruwan duka, ta ce a dawo jibi, ba rowa ta yi ba.

Gishirin jini da tudun T

Ruwa ba ya tafiya shi kaɗai. A cikin jini akwai wani sinadari mai suna fotasiyam, wanda wutar zuciya ta dogara a kansa. Awonsa a jinin mai lafiya tsakanin 3.5 ne da 5.0. Idan ƙoda ta gaza, yana taruwa. Alamarsa ta farko a takarda ita ce tudun T ya yi tsawo da tsini kamar tanti. In ya ci gaba, tudun P ya baje, QRS ya yi faɗi, daga nan zuciya tana iya tsayawa. Sai dai a kula, wani lokaci yana hawa ƙwarai takarda ba ta nuna ba, don haka zane ba ya maye gurbin gwajin jini.

Wanki yana saukar da fotasiyam da sauri, tudun T ya kwanta. Ga shi kuwa a daidai wannan lokaci QRS yana hawa, watau sassa biyu na zane ɗaya suna tafiya ta fuskoki daban, ɗaya saboda ruwa, ɗaya saboda gishiri. Har ila yau, saukar fotasiyam da sauyin kalsiyam sukan tsawaita lokacin da zuciya take ɗauka kafin ta koma shiri, wanda ake aunawa daga Q zuwa ƙarshen T. A irin wannan hali ne bugu yakan rikice. Ke nan hatsari yana bakin ƙofa biyu: kafin wanki, sa'ad da komai ya taru, da kuma ƙarshensa, sa'ad da komai ya sauka a guje.

Halin da muke ciki a Kano

Ƙa'idar da aka saba da ita a duniya ita ce wanki sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Ko a hakan ma, wani bincike a kan majiyyata sama da 32,000 a Amurka, wanda aka buga a 2011, ya nuna mutuwa ta fi yawa a ranar da ta biyo bayan hutun kwana biyu na ƙarshen mako. To, idan ƙarin kwana ɗaya yana da wannan nauyi, ina ga wanda yake zuwa sau ɗaya a mako, ko sai ran da dangi suka haɗa kuɗi? A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta. Wannan sauƙi ne, amma sau uku a mako ya kama naira 36,000, ban da magani da ƙarin jini da kuɗin mota. Sakamakon haka majiyyacinmu yakan zo da ruwa mai yawa da fotasiyam mai yawa, kuma bambancin zanensa na safe da na azahar ya fi na littattafan da aka rubuta a Turai girma.

Daɗin daɗawa ga yanayi da abinci. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, hana mutum shan ruwa a lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Abin da yake kawo ƙishirwa kuwa gishiri ne, da dunƙulen miya, da kanwa. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da yake kama mata masu jego, domin kanwa cike take da sodiyam mai riƙe ruwa. Ruwan toka da ake sa wa miya shi kuma fotasiyam ne ya yi masa yawa. Haka dabino, ayaba, lemo, tumatir, dankali, alayyafo, wake da ruwan kwakwa. Waɗannan abinci ne masu kyau ga mai lafiya, amma ga wanda ba ya fitsari sai da awo. Wanda yake so ya yi azumi ya shawarci likitansa tun kafin wata ya kama, domin buɗe baki da dabino da yawa da moɗa biyu na zoɓo yana iya bayyana a takarda washegari.

Kammalawa

Ga ɗalibanmu na likita da na jinya, nasihata gajeriya ce. Duk zanen da kuka ɗauka a ɗakin wanki, ku rubuta abu uku a kansa kafin ku ajiye alƙalami: lokaci, nauyin majiyyaci, da ko kafin wanki ne ko bayansa. Ku liƙa wayoyi a gurbi ɗaya kowane lokaci. Ku kwatanta zanen safe da na safe, na bayan wanki da ɗan'uwansa. Idan ST ya faɗa ana cikin wanki, ko bugu ya rikice, ku rage gudun janye ruwa, ku kira na gaba da ku, kada ku ce ai na'ura ce ta jawo.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu tsara kasafi da masu sayen kaya, ku sani na'urar wanki ita ce mai tsada, ita ake yanke wa kirtani a gaban 'yan jarida, amma ba ta wadatarwa ita kaɗai. Ɗakin wanki yana bukatar sikeli mai gaskiya, da na'urar zane mai takarda a cikinta, da hanyar gwada fotasiyam a sami sakamako a ranar, da wuta da ruwa masu tabbas. Kuɗin waɗannan kaɗan ne in aka gwada da na na'ura ɗaya. Bugu da ƙari, duk tallafin da zai sa majiyyaci ya zo sau biyu ko uku a mako maimakon sau ɗaya, yana rage abin da za a janye a kowane zama, kuma zuciyarsa ce take cin ribar.

Ga iyalai kuwa, ku auna abin da majiyyaci yake sha da kwalba ɗaya sananniya, ku raba masa tukunya marar gishiri da kanwa, ku kuma adana takardunsa wuri ɗaya ku riƙa zuwa da su. Sauranmu da muke ganin lafiya lau muke, mu riƙa auna jininmu da sukarinmu, domin ciwon ƙoda yakan yi nisa kafin ya yi magana, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.